KIWON DAWAKI A GANDUN IYALI: DAGA ZAƁEN GOƊIYA ZUWA KASUWA

GABATARWA

Idan ka leƙa barga a Kano ko Zariya, ko Bida, ko Ilori, abin da za ka tarar yawanci dawaki maza ne ɗaure a turke. Da wuya ka ga goɗiya da ɗanta. Masu hawa suna da yawa a ƙasar nan, amma masu hayayyafa doki kaɗan ne, shi ya sa da yawa daga cikin dawakin da ake hawa daga Nijar da Chadi da Sudan ake shigo da su, ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari a Jihar Jigawa da Mai'aduwa a Jihar Katsina. Masu wasan folo kuwa har daga Ajantina sukan yi odar nasu.

Bukatar doki ba ta ragu ba. Ana hawan salla a masarautun Arewa, ana hawa a bikin Ojude Oba na Ijebu Ode, ga tseren dawaki, ga folo, ga hawan angwanci, ga kuma 'yan sandan doki. A watan Disamba na shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Saboda haka iyalin da ke da gandu, da harawa, da masu hidima a gida, suna iya shiga wannan sana'a. Sai dai ka sani tun daga farko, ya kai manomi, kiwon doki ba kiwon rago ba ne da za ka ɗaure wata uku ka kai kasuwa. Jarinka goɗiya ce, ribarka kuma tana ga abincin da gonarka ta noma mata. Wannan jagora an shirya shi ne domin manomin da ke son ajiye goɗiya ɗaya zuwa uku, da kuma malamin gona da zai riƙa ba shi shawara.

LISSAFI KAFIN A SAYI GOƊIYA

Goɗiya takan ɗauki ciki na kimanin kwana 340, watau wata 11. Ɗan da ta haifa ba zai isa a ɗaura masa sirdi ba sai ya kusa shekara 3. Ke nan daga ranar baye zuwa ranar da za ka karɓi kuɗin doki horarre, shekara 4 ce. Kuma kada ka sa rai da haihuwa kowace shekara. Abin da ya fi aminci shi ne ka gina lissafinka a kan 'ya'ya biyu cikin shekara uku. In an sami fiye da haka, ƙari ne.

Doki yana cin abin da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a busasshen abinci kowace rana. Goɗiya mai kilo 300 tana bukatar kilo 6. A inda rani ke kai wata 7, watau kwana 210, goɗiya ɗaya za ta ci kilo 1,260 na harawa da ingirici kafin sabuwar ciyawa ta fito. Idan kuma kana ba ta hatsi da dusa kilo ɗaya da rabi kullum, a shekara ya kusa kilo 550, fiye da buhu biyar ke nan. Kada ka manta da 'ya'yan: mai goɗiya biyu, kafin shekara 3 ta cika, baki biyar ko shida zai riƙa ciyarwa. Wanda zai sayi dukkan wannan harawa a kasuwa cikin bazara, lokacin da ɗaurinta ya fi tsada, to ya cinye ribarsa tun kafin ya sayar da doki. Wanda ke noma wake da gyaɗa a gandu, shi ne sana'ar ta dace da shi.

Akwai wani lissafin da ba na abinci ba. Tun da gandu na iyali ne, a zauna tun farko a yanke: goɗiya ta wane ce, wa ke yankan ciyawa, wa ke sharar barga, kuma idan an sayar da duƙushi yaya za a raba kuɗin. A rubuta, a sa shaidu. Shekara 4 tana da tsawo, mutum yakan manta abin da ya yarda da shi da baki.

WURIN KIWO DA BARGA

Doki dabbar busasshiyar ƙasa ce. A zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da fadama da kurmi. Manoman jihohin tsakiya, kamar Neja da Nasarawa da Kwara da Binuwai da kudancin Taraba, su yi la'akari da ƙudan tsando sosai, domin sammore tana yi wa doki illa ƙwarai. Idan shanun da ke yankinka suna yawan kamuwa da sammore, nemi shawarar likitan dabbobi kafin ka kashe kuɗinka.

Ɗakin doki ɗaya ya kai mita 3 da rabi a tsawo da faɗi. Na goɗiya mai jego ya kai mita 4 ko fiye. Rufi ya yi tsayi, iska ta riƙa ratsawa, a ɗan karkata daɓen domin fitsari ya gangara. Ana kwashe kashi safe da yamma a tara nesa da barga, taki ne mai kyau ga gona. Ɗaure doki a turke dare da rana, kamar yadda aka saba a birni, bai dace da goɗiya mai ciki ba, balle duƙushi mai tasowa. Ƙashi da jijiyar ɗan doki da guje-guje suke ƙarfi. A killace fili da itace ko da shingen shuka inda za su sake. A guji waya mai ƙaya, domin doki in ya firgita ba ya duba abin da ke gabansa, kuma tabon da waya ta bari a ƙafa yana rage kuɗinsa har abada.

ZAƁEN GOƊIYA DA INGARMA

Dawakin ƙasar nan yawancinsu jinin dawakin Afirka ta Arewa ne da na Dongola ta Sudan, sun gauraya tsawon ƙarnoni. Ba su kai na waje girma ba, amma sun saba da zafi da ƙarancin abinci, kuma sun fi jure cututtukan yankinmu. Mai farawa ya fara da goɗiyar gida. In yana son ƙarin tsayi da gudu, sai ya nema ta wajen ingarman da zai kai ta gare shi.

Fara duba ƙafafu kafin ka duba launi. Tsaya a gabanta, ka koma bayanta, ka tabbata ƙafafun a miƙe suke, gwiwoyi ba su haɗe ba, ba su kuma buɗe ba. Kofato ya zama mai faɗi, babu tsagewa. Sa a ja ta ta yi tafiya, sannan ta yi sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ka lura ko tana ɗingishi. Ƙirji ya zama mai faɗi, gadon baya gajere mai ƙarfi, ƙugu mai faɗi. Duba hantsa, nonuwa biyu su zama daidai. Duba idanu biyu da kyau. Kuma kada ka yanke hukunci a kan dabba ɗaya da aka fito maka da ita. Hausawa na cewa doki ɗaya a fage gudu gare shi. Ga uku ko huɗu tukuna.

Shekaru a baki ake karanta su. Haƙoran gaba na tsakiya suna faɗuwa manya su fito a shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi; a shekara 5 baki ya cika. Goɗiya mai shekara 4 zuwa 8, musamman wadda ta taɓa haihuwa aka ga ɗanta, ita ce ta fi dacewa. Wadda ta tsufa ba ta taɓa haihuwa ba, a tambayi dalili.

Hali ma ana gadonsa, kuma ɗa yana koyon na uwarsa. Goɗiya mai cizo da harbi za ta ba ka ɗa mai wuyar hora, ga shi a gida akwai yara. Launi yana da tasiri a kasuwa, gaskiya ne. Wani mai sarauta akawal yake so, wani kili, wani hurde ko bidi, kuma yakan ƙara kuɗi a kai. Amma launi ƙari ne a kan ƙafa mai kyau, ba ya maye gurbinta.

Mai goɗiya biyu ko uku ba ya bukatar ajiye ingarma. Cinsa ya fi kuɗin baye nesa ba kusa ba. A nemi ingarma lafiyayye mai shekara 4 ko fiye, wanda aka ga 'ya'yansa, a biya. A duba al'aurarsa da ta goɗiyar. In akwai kumburi ko gyambo ko ruwa mai fita, a fasa, domin akwai cutar da dawaki ke ɗauka ta hanyar baye. Kada a mayar da 'ya ga ubanta ko ga ɗan'uwanta. Nan ne amfanin littafin rubutu yake: sunan uwa, sunan uba, ranar baye, ranar haihuwa.

BAYE DA RENON CIKI

Duƙusa takan balaga tun tana shekara ɗaya da rabi, amma kada a yi mata baye sai ta cika 3. A raba ta da maza tun tana shekara guda. Goɗiya tana neman namiji kusan kowane kwana 21, neman kuma yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7. Alamarsa ita ce ɗaga wutsiya, da yawan fitsari kaɗan-kaɗan, da tsayawa idan ta ga ingarma maimakon harbi. Ƙwan yana sauka ne kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare. Don haka baye sau ɗaya a ranar farko sau da yawa ba ya kamawa. A fara a rana ta biyu ko ta uku, a riƙa maimaitawa ana tsallake kwana ɗaya, har ta ƙi namiji. Bayan mako uku a sake gwada ta. In ta ƙi, ana kyautata zaton ta ɗauka, likitan dabbobi ne zai tabbatar.

Lokacin baye shi ke yanke lokacin haihuwa, saboda haka kada a bar shi ga sa'a. Wata 11 ne, watau haihuwa za ta zo wata ɗaya kafin zagayowar watan da aka yi baye. In kana son ɗa ya faɗo a Yuni, lokacin da ciyawa ta fito a Arewa, yi baye a Yuli. A jihohin tsakiya, inda ruwa ke sauka tun Afrilu, baye a Mayu ko Yuni ya fi. Goɗiyar da ta haihu a tsakiyar bazara da jikinta za ta shayar da ɗan, ta rame, ta kuma ƙi ɗaukar wani cikin.

Mafi yawan girman ɗan tayi a wata ukun ƙarshe yake. A nan ake ƙara abinci a hankali, a daina hawa da sukuwa, amma a bar ta tana yawo. Mako 4 zuwa 6 kafin haihuwa a yi mata allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, domin kariyar ta bi nono ta isa ga ɗan.

HAIHUWA

Hantsa takan cika makonni kaɗan kafin haihuwa. Idan ka ga wani abu kamar kakin zuma a bakin nono, to saura kwana ɗaya ko biyu galibi. A share ɗaki, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri, a kwance ta daga turke. Yawancin goɗiyoyi da dare suke haihuwa, kuma ba sa son taro. Mutum ɗaya da fitila, daga nesa, ya isa.

Haihuwar goɗiya da sauri take. Daga fashewar faya zuwa faɗowar ɗa minti 20 ne zuwa 30. Abin da ya kamata ya fara fitowa shi ne ƙafafun gaba biyu, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci yana bisansu. In minti 20 ya wuce tana naƙuda babu ci gaba, ko ƙafa ɗaya kaɗai ta fito, ko wutsiya ce a gaba, a kira likita nan take. Saniya takan jure naƙuda na sa'o'i ɗanta ya fito da rai. Na goɗiya ba ya jurewa. Shi ya sa ya kamata lambar wayar likita ta kasance a hannu tun kafin ranar.

Bayan haihuwa a riƙe waɗannan lokuta uku: ɗa ya miƙe cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2, mahaifa ta faɗo cikin awa 3. Mahaifar da ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba hatsari ce ga ran goɗiya; kada a ja ta da hannu, aikin likita ne. Kada a yanke cibiya, za ta tsinke da kanta, sai a tsoma guntun a ruwan aidin mai sauƙi, a maimaita sau biyu ko uku a ranar. Dakashi, watau nonon farko, shi ne duk rigakafin da ɗan doki yake da shi. Hanjinsa yana karɓarsa sosai a awa 6 zuwa 12 na farko, bayan awa 24 kuma ƙofar ta rufe. Wanda ya kasa kama nono a tatsa a ba shi. Kada a zubar da dakashi da sunan ƙazanta.

Goɗiya takan sake neman namiji kwana 7 zuwa 12 bayan haihuwa. In haihuwar ta zo da wahala, ko jikinta bai murmure ba, a bar wannan ya wuce a jira na gaba.

CIYARWA

A nan aka fi yin asara, don haka za mu ɗan daɗe. Tumbin doki ƙarami ne in an kwatanta da jikinsa, ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. An halicce shi ne ya riƙa cin ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Duk tsarin da ya saɓa wa wannan, ciwon ciki yake jawowa, ciwon ciki kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki.

Da farko san nauyin dabbarka. Auna kaurin ƙirji da tef ta inda majayi ke bi, sannan auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ninka kauri da kauri, ka ninka da tsawo, ka raba da 11,880. Misali, kauri 160, tsawo 145, zai ba ka kimanin kilo 312. Da wannan za ka auna abinci, da shi kuma za a auna magani.

Tushen abinci ciyawa ce da harawa. Da damina akwai harkiya da kiri-kiri da kyasuwa da ɗanyar gamba. Domin rani, a yanki ciyawa kafin ta tsufa a shanya, a adana harawar wake da ta gyaɗa a rumfa inda ruwa da rana ba za su same ta ba. Irin wake mai yaɗo kamar kanannado yana ba da harawa mai yawa. Hatsi ƙari ne ga mai ciki, da mai shayarwa, da mai aiki. Kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya ga doki mai kilo 300. In ana son ba da fiye, a raba sau biyu ko uku. Dawa da masara a ɓarza su ko a jiƙa. Duk sauyin abinci a yi shi a hankali cikin mako guda zuwa kwana 10. Dokin da ya kwance ya faɗa wa buhun hatsi yana iya samun kumburin cikin kofato da zai gurgunta shi, don haka a kulle rumbu.

Dusa tana da arha, shi ya sa ake cika ta. Amma tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Duƙushin da aka rena da dusa zalla ƙashinsa yakan yi laushi, fuskarsa ta kumbura, ƙafafunsa su lalace. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam, su ke daidaita dusa. A ajiye gishirin lasa a barga kullum. Kanwa da aka saba bayarwa a riƙa ba da ita kaɗan, ba ta kuma maye gurbin gishiri.

Ruwa mai tsabta lita 25 zuwa 40 a yini, mai shayarwa da zafin bazara ta fi haka. Kada a zuba abinci a ƙasa mai yashi; yashin yana taruwa a hanji ya toshe shi. A yi komi.

Abubuwa huɗu a nisanta doki da su. Hatsi ko harawa mai fumfuna, musamman masara, domin gubarta tana taɓa ƙwaƙwalwar doki. Ɗanyar dawa da gyauronta. Abincin kaji na kamfani, domin wasu suna ɗauke da maganin monensin wanda ɗan kaɗan nasa yana lalata zuciyar doki. Sai leda da igiyar roba da ke yawo a bola.

CUTUTTUKA

Lafiyayyen doki zafin jikinsa digiri 37.5 ne zuwa 38.5, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 a minti, numfashinsa 8 zuwa 16. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, ya kamata kowace barga ta mallake shi. Doki da ya ƙi abinci, ko yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, a janye abinci a kira likita. Kada a yi masa ɗure ta hanci ko ta baki da ƙarfi, ruwan yakan faɗa huhu.

Annobar dawaki ta Afirka wasu ƙananan ƙwari masu cizo ne ke yaɗa ta, waɗanda ba su kai sauro girma ba, sun fi yawa a ƙarshen damina, suna cizo daga magariba zuwa wayewar gari. Alamunta zazzaɓi, da kumburin ramin da ke saman ido, da wahalar numfashi, da kumfa ta hanci. Ba ta da magani, sai kariya. Ta fi kashe dawakin waje da ruwa-biyu. A shigar da dawaki ɗaki kafin faɗuwar rana, a yi amfani da maganin korar ƙwari, a tuntuɓi likita game da rigakafi kafin damina.

Akwai cutar da ke fitar da ƙuraje a jere kamar carbi a ƙafa da ƙirji da wuya, su fashe su zama gyambo. Wani nau'in fumfuna ne ke kawo ta, tana bin rauni, ƙuda da kayan doki suna yaɗa ta. Maganinta yana ɗaukar lokaci. A ware mai ita, kada a yi aron sirdi ko zubka ko majayi. Murar dawaki ma tana saurin yaɗuwa. A ƙarshen 2018 da cikin 2019 ta ɓarke a Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, ta kashe jakuna masu ɗimbin yawa. Duk sabuwar dabba, ko wadda ta dawo daga kasuwa, a keɓe ta mako uku.

Kaska tana kawo zazzaɓin da ke sa idon doki ya yi rawaya. Amma a kula ƙwarai: maganin kaska mai suna amitraz, wanda ake fesa wa shanu, guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji. Haka allurar sammore ta shanu, kada a yi wa doki ita ba da likita ba. Maganin tsutsar ciki a fara ba duƙushi yana wata 2 zuwa 3, manya kuma bisa tsarin da likita ya tsara. A gyara kofato kowane mako 6 zuwa 8, a riƙa sakace shi kullum, musamman da damina.

YAYE DA HORA

Ana yaye duƙushi yana wata 6, in ya saba da cin harawa da ɗan hatsi. A raba shi da uwa zuwa inda ba zai gan ta ba, a haɗa shi da wani ɗan doki ko jaki mai sanyin hali, a rage wa uwar hatsi domin nono ya ƙafe.

Hora tana farawa tun makon farko. A riƙa shafa shi, a ɗaga masa ƙafafu, a sa masa 'yar ragama, a ja shi a gefen uwarsa. Yaran gida da suka yi hankali sun fi kowa iya wannan, muddin babba yana wurin. Sirdi sai ya kai shekara 2 da rabi zuwa 3, da mahayi marar nauyi, na ɗan lokaci. Sukuwa da aiki mai tsanani sai ya cika 4. Kada a fara da linzami mai kaifi. Bakin da aka yayyaga tun yana ƙarami ba ya sake jin linzami da sauƙi. Dokin da za a sayar wa masu hawan salla a saba masa da ganga da algaita da kakaki da ƙarar bindiga da cinkoson jama'a, daga nesa tukuna, ana matsowa a hankali. A saba masa da babur da mota, da hawa motar ɗaukar dabbobi.

SAYARWA

Tun duƙushi yana shekara guda ka san wanda kake renonsa dominsa. Masu sarauta da masu hawan salla namiji suke nema, mai cika ido da natsuwa a taro. Masu tsere gudu da dogon numfashi suke dubawa. 'Yan folo suna son mai saurin juyawa da tsayawa, kuma suna hawan goɗiyoyi, saboda haka 'ya mace ma tana da masu saye. Ana buga folo a Kaduna da Kano da Katsina da Jos da Abuja da Ibadan da Legas da Fatakwal. Masu ba da haya don angwanci da kilisa mai haƙuri suke so wanda kowa zai iya hawa. Amma 'ya mace mafi kyau kada ka sayar da ita, ita ce za ta gaji uwarta.

Kana iya sayar da duƙushi bayan yaye ka huta da ciyarwa, kuɗin dai kaɗan ne. Kana iya riƙe shi ka hore shi, nan ne kuɗin yake, in harawarka za ta kai. Ƙirga abin da ke rumfa kafin ka zaɓa. Cinikin dawakin hawa ya fi tashi a makonnin da ke gaban ƙaramar salla da babba. Tun da salla tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a duba kalanda a fara gyaran doki wata biyu kafin lokacin. Gyara ba ɗura hatsi ba ne. Abinci ne daidai, da wanka, da taje geza da wutsiya, da gyaran kofato, da kilisa kullum.

Sayarwa a gida ta fi kai wa kasuwa: babu kuɗin mota, babu haɗarin ɗauko cuta, mai saye kuma zai ga uwar da idonsa. Hoto da ɗan bidiyo a waya suna isa ga mai saye na nesa. In da dillali za ka yi, ku yanke la'ada kafin ciniki. Nuna littafinka na haihuwa da allurai, faɗi aibin da ka sani, a rubuta takardar ciniki da launin dokin da alamominsa da sunayen shaidu, kada kuma ya bar gida sai kuɗi sun cika. In za a kai shi wata jiha, a karɓi takardar shaidar lafiya daga ofishin likitan dabbobi, a yi tafiyar da sanyin safiya, a riƙa tsayawa kowace awa 4 ana ba shi ruwa. A haɗa wa mai saye da harawa da hatsin da dokin ya saba ci na kwana 10, domin ya sauya masa abinci a hankali.